Ra'ayinmu: Laulayin ciki ba lalaci ba ne

Sanin kowa ne cewa kasuwar Malanbil, wadda aka daɗe ana lissafa ta a matsayin ta biyu a girma a Jamhuriyar Benin bayan Dantokpa ta Kwatano, ba za ta ci ba in babu mata. Su ne masu kasa albasa da tattasai, su ne masu bandar kifi da turara shinkafa, su ne masu tuwo da kunu da ke ciyar da direbobi da 'yan dako, kuma su ake ɗauka tsaron shago ko awon hatsi a rumfunan manyan 'yan kasuwa. Daga Madekali da Garu da Gene, daga Gaya ta Nijar, daga Lolo da Kamba na jihar Kebbi, duk ƙarshen mako za ka ga mata sun yi sammako da kaya a ka, wasu da goyo a baya. To amma da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wani kayan da ido ba ya gani, wato ƙaramin ciki da laulayinsa.

Wannan jarida ta ga ya dace ta ɗauko wannan magana a yau, duk da cewa mun san ba irin wadda aka saba yi a bainar jama'a ba ce. Dalilinmu shi ne, shirun da ake yi a kanta yana jawo asara. Mace mai ƙaramin jari takan karye a cikin wata biyu, 'yar aikin shago ko gidan abinci takan rasa aikinta da sunan ta fara lalaci, wata kuma takan yi ta daurewa har sai an kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti. Duk waɗannan abubuwa ne da za a iya rage su ba tare da an kashe wani kuɗin a zo a gani ba, in har mazaje da iyayen gida da shugabannin kasuwa da hukuma suka fahimci abin da ke faruwa.

Da farko dai bari mu ji abin da likitoci suka ce. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa kimanin mata 7 cikin kowane 10 masu ciki suna fama da tashin zuciya, wasu har da amai. Yakan fara ne tsakanin mako na 4 zuwa na 7 in aka ƙirga daga ranar da mace ta fara al'adarta ta ƙarshe, ya yi tsanani wajen mako na 9, sannan ga mata 9 cikin 10 yakan lafa kafin cikin ya wuce mako 20. Turawan Ingila suna kiransa ciwon safe, amma duk matar da ta taɓa yin sa ta san sunan bai dace ba, domin laulayi ba ya duba agogo. Wata da asuba yake kama ta, wata da la'asar, wata kuwa yini take da shi, ga yawan tofar da yawu, ga kasala, ga barci, ga hancin da ke jiyo warin abin da wani bai ma san da shi ba.

An ɗauki shekaru ana hasashe a kan abin da ke kawo shi. A watan Disamba na 2023 mujallar kimiyya ta Nature ta buga sakamakon wani bincike da Dokta Marlena Fejzo ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka da Farfesa Stephen O'Rahilly na Jami'ar Kambirij a Ingila suka yi tare da abokan aikinsu. Binciken ya nuna cewa wani sinadari mai suna GDF15, wanda mabiyiya ke zubawa cikin jinin uwa, shi ke zuwa ya taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da tashin zuciya da amai. Yawan sinadarin da kuma yadda jikin mace ya saba da shi tun kafin ta ɗauki ciki, su ke sa wata ta sha wuya fiye da wata. Ita kanta Dokta Fejzo ta rasa ciki a 1999 saboda tsananin wannan ciwo, a lokacin da likitanta ya ɗauka neman kulawa kawai take yi. Ashe ke nan raina kukan mai laulayi ba a ƙasashenmu kaɗai ake yi ba. Saboda haka duk mai cewa ai wance ta haifi bakwai ko tari ba ta taɓa yi ba, sai ya san cewa jiki ba ɗaya ba ne, kuma ko ga mace ɗaya wani cikin ya bambanta da wani.

Abu na biyu, ya kamata mu dubi inda waɗannan mata suke aiki. Duk abin da likita zai ce mai laulayi ta guje masa, shi ne ya cika kasuwa. Ga ƙaurin kifi da daddawa, ga hayaƙin suya, ga warin man fetur ɗin da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya, ga hayaƙin manyan motoci da kabu-kabu. Ga kuma zafin Malanbil, wanda a watannin Maris da Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a ma'auni. Matar da ta baro Madekali da asuba sau da yawa ba ta karya ba, alhali yunwa na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da zuciya. Har ila yau, mata da dama sukan ƙi shan ruwa da gangan saboda gudun neman wurin kewayawa, ga shi kuwa mai ciki fitsari yake yawaita mata. Wadda take amai, take gumi, kuma ba ta shan ruwa, ai ta kama hanyar ƙarewar ruwan jiki.

Rikicin kan iyaka ma ya ƙara wa lamarin nauyi. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, kuma ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren, sai jama'a suka koma tsallake kogin Kwara a kwale-kwale. Kafin nan ma Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Kowace rufewa tana nufin ƙarin tafiya, ƙarin jira a rana, ƙarin kuɗin dako da raguwar ciniki. Namiji mai ƙarfi ma ya ji a jikinsa, balle mace mai cikin wata biyu da ke zaune a kwale-kwale mai tangaɗi, kusa da jarkar fetur.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na kasuwa. Laulayin da ya fara a mako na 6 ya lafa a mako na 16 ya ci makonni goma ke nan, wato kasuwa goma. Mai sayar da atamfa za ta iya rufe shago kayanta su jira ta, amma tumatir da kifi da ɗanyen tattasai ba sa jiran kowa. Zubin adashe ba ya tsayawa, mai bin bashi ba ya tsayawa, kuɗin rumfa ba ya tsayawa. Abokin cinikin da ya zo sau biyu bai tarar da ke ba, a karo na uku rumfar maƙwabciya zai nufa. Da haka ne mace ke fara taɓa uwar kuɗi, kafin laulayin ya wuce jarin ya riga shi wucewa, ga haihuwa da suna suna tafe.

To me doka ta tanada? A nan Benin, dokar ƙwadago mai lamba 98-004 ta ranar 27 ga Janairu 1998 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na makonni 14, shida kafin haihuwa, takwas bayanta, kuma ana iya ƙara makonni huɗu in likita ya tabbatar da rashin lafiyar da ciki ko haihuwa ya jawo. Dokar ta kuma hana uban gida korar mace mai cikin da ya bayyana ko wanda likita ya tabbatar, sai dai in ta yi babban laifin da bai shafi cikin ba, ko kuma ya zama babu yadda za a yi aikin ya ci gaba. A 2012 Benin ta amince da yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan kare mata masu ciki da masu jego. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ita ma makonni 14 ta bayar, ta Nijeriya kuma makonni 12. Kazalika a 2009 gwamnatin Benin ta fito da tsarin yi wa mata fiɗar haihuwa kyauta.

Duk waɗannan abin yabo ne, amma akwai giɓi guda biyu. Na ɗaya, kusan duk tanadin ya taru ne a ƙarshen ciki, alhali laulayi a farkonsa yake zuwa, lokacin da babu abin da ya fito balle a tausaya. Na biyu, dokar tana isa ne ga mai takardar ɗaukar aiki da rajista a asusun CNSS, irin su malamar makaranta, ma'aikaciyar asibiti ko ta banki. Fiye da mutum 9 cikin 10 na masu neman abinci a ƙasar nan kuwa ba su da wannan takarda. Yarinyar da ke wanke kwano a gidan abinci, da mai tsaron shago da aka ɗauka da baka, da mai tallar kanta, babu sufeton ƙwadago da ya san da zamansu. Ke nan dokar da za ta kare su sai dai wadda mu da kanmu muka kafa a cikin kasuwa da cikin gidajenmu.

Sai kuma batun kunya. A al'adarmu mace ba ta faɗin tana da ciki, musamman cikin fari, wasu don kunyar surukai, wasu don tsoron baki. Ba muna cewa a yi shela ba ne, amma ya kamata mai laulayi ta zaɓi mutum ɗaya a wurin aikinta ta gaya masa, ko uwar ɗakinta, ko maƙwabciyar rumfa mai riƙon amana, domin in ta yanke jiki ta faɗi a san abin da za a gaya wa likita. Ma'aikaciya mai albashi kuwa, shawararmu ita ce ta karɓi takardar likita da wuri ta miƙa, domin kafin ciki ya fito, wannan takarda ita ce garkuwarta a gaban doka.

Ga 'yan uwanmu mata da ke cikin wannan hali, akwai dabarun da ungozomomi da likitoci suka amince da su. Kada a bar ciki wayam, kuma kada a cika shi dam. A ci kaɗan-kaɗan, kamar bayan kowace awa biyu ko uku. A ajiye busasshen burodi ko biskit ko 'yar gasasshiyar gyaɗa kusa da shimfiɗa, a ci kafin a tashi, sannan a tashi a hankali. A ƙulla ɗan abin taɓawa a jaka a tafi da shi kasuwa, kamar ayaba, dafaffen dankali, gasasshiyar masara ko ƙuli-ƙuli. Abinci mai maiƙo da yaji da soye-soye yakan daɗe a ciki ya tayar da zuciya, shi ya sa koko ko kunun tsamiya ko farar shinkafa suka fi zama. Abincin da ya huce ya fi mai tururi sauƙin ci, domin ƙamshinsa ya ragu. Ruwa kuma a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan yini guda tsakanin abinci, maimakon a kwankwaɗi kofi biyu a lokaci ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarwarinta na 2016 a kan kula da masu ciki, ta ambaci citta da bitamin B6 a cikin abubuwan da ke rage tashin zuciya. Citta kuwa ga ta nan a kowace rumfar kayan yaji. Ɗan yanki a ruwan zafi ya isa, ko kimanin giram 1 na garinta a yini, domin in ta yi yawa tana kawo ƙwannafi. Wasu matan kan ji sauƙi in sun shaƙi ɓawon lemun tsami lokacin da wani wari ya taso. Wadda ta lura da lokacin da abin ya fi kama ta, sai ta tsara aikinta a kansa: in na safe ne, ƙanwa ko 'ya babba ta buɗe rumfa, ita ta zo da hantsi. A nemi inuwa da kujera, a sassauta ɗaurin zane, a rage tsayuwa a bakin murhu. Amma cin farar ƙasa da wasu ke yi don kashe tashin zuciya, wannan a bar shi, domin an sha samun dalma a cikinta, kuma kwaɗayinta kan zama alamar ƙarancin jini.

Laulayi na yau da kullum ba ya cutar da abin da ke ciki, kuma wannan ya kamata ya kwantar wa mata hankali. To sai dai akwai mai tsanani, wanda ke kama mace 1 zuwa 3 cikin 100, inda ko ruwa ba ya zama. Shi ne ya kwantar da Kate, matar Yarima William na Ingila, a asibiti a birnin Landan cikin Disamban 2012. In wadda ke da likitocin fada ta kai ga kwanciya, to babu abin kunya ga mai sayar da albasa ta nemi taimako. Alamomin da ba a jira da su su ne: a yi yini da kwana duk abin da aka ci ko aka sha yana dawowa; fitsari ya yi ja sosai ko a yi awa 8 ba a yi shi ba; jiri ko duhun ido in an miƙe; aman jini; zazzaɓi; ciwon mara ko zubar jini; da kuma rama mai yawa, misali mace mai kilo 60 ta rasa kilo 3. Duk wadda ta ga ɗaya daga ciki ta nufi gidan likita mafi kusa, ko babban asibitin yanki da ke Malanbil, inda za a iya yi mata ƙarin ruwa. Kafin a isa, a riƙa ba ta ruwan gishiri da sukari cokali-cokali: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Akwai kuma wani haɗari da ya fi shafar mu mazauna bakin kogi da fadamun shinkafa. Ba kowane amai ne laulayi ba. Zazzaɓin cizon sauro yana sa amai, haka ciwon mafitsara, haka taifot, kuma zazzaɓin sauro yana jawo ɓari da ƙarancin jini. Aman da ya fara bayan ciki ya wuce wata huɗu, ko wanda ya zo a tsohon ciki tare da ciwon kai da kumburin fuska da hazo-hazo a ido, yana iya zama alamar hawan jini mai kai wa ga jijjiga. Gwajin jini da na fitsari da awon jini ne kawai za su raba gardama, ba kallon ido ba.

Wannan ya kawo mu ga maganar magani. A kasuwannin kan iyaka babu abin da ya kai ƙwaya sauƙin samu, a faranti, a bayan keke, a cikin tasha. Muna tunatar da jama'a labarin wani magani mai suna Thalidomide, wanda aka sayar a Jamus ta Yamma da ƙasashe da dama daga 1957 zuwa 1961, aka riƙa ba masu ciki don tashin zuciya, ya jawo aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu. Watanni uku na farko su ne lokacin da ake halittar gaɓoɓin jariri, kuma daidai lokacin ne laulayi ke tura mace neman ƙwaya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci, kuma a watan Fabrairu na wannan shekarar ne jami'an tsaro suka dira a sashen Ajegunle na kasuwar Dantokpa suka kwashe magunguna tan-tan. Akwai magungunan amai da aka gwada aka tabbatar ba sa cutar da ciki, amma likita ko ungozoma ce za ta rubuta, a saya a kantin magani mai lasisi. Haka jiƙe-jiƙe da sassaƙe-sassaƙen da ba a san ƙarfinsu ba, a yi hattara da su. Araha dai ba ta ado.

Mafita mafi sauƙi ita ce fara awo da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko a cikin makonni 12 na farko. Amma mata da yawa a yankinmu ba sa zuwa sai ciki ya fito, wato bayan sun gama shan wuyar laulayi su kaɗai. A wurin awo ne ake ba da ƙwayar ƙarin jini da ta folik, da gidan sauro, da kuma maganin rigakafin zazzaɓin sauro wanda ake farawa daga mako na 13, ana sha wata-wata, aƙalla sau uku. Gaskiya ne ƙwayar ƙarin jini tana ƙara wa wasu tashin zuciya. Wadda ta ga haka ta sha da dare bayan abinci, ko ta koma ta gaya wa ungozoma, kada ta jefar ta yi shiru. Mai tsallake iyaka kuma katin awonta ya zama yana jakarta kamar katin shaida.

A nan muna kira ga manyan 'yan kasuwa, alhazai da hajiyoyi masu shaguna da gidajen abinci, da su dubi girman Allah su sassauta. A bar mai laulayi ta zo a makare, a ba ta kujera, a ɗauke ta daga bakin murhu a maida ta wurin karɓar kuɗi ko awo, a yarda 'yar uwarta ta tsaya mata ranar da ta kasa, kuma a ba ta ranar zuwa asibiti ba tare da an yanke mata lada ba. Ko ta fuskar riba ma wannan shi ne daidai. Duk ɗan kasuwa ya san wuyar samun mai amana da ta san farashi, ta san abokan ciniki, ta iya Dendi da Zabarmanci da Hausa. Korar irin wannan saboda larurar wata biyu ko uku, sannan a ɗauko baƙuwar da ba a san halinta ba, ai asara ce mutum ya jawo wa kansa.

Muna kira ga mazaje su tuna cewa cikin nan nasu ne. Matar da ta yini tana amai a kasuwa bai kamata ta dawo ta tarar da murhu da tulu da wanki suna jiran ta ba. In ƙaurin miya na tayar mata da zuciya, a sayo abinci ko a nemi mai taimako na ɗan lokaci. A ba da kuɗin awo da na mota, a raka ta in da hali, kuma a tallafa wa jarinta kada ya karye. Iyaye mata da abokan zama, ku da kuka san zafin abin, ku ya kamata ku fara tausayawa, domin Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kalmomin raki da shagwaɓa da son jiki sun hana mata da yawa faɗin halin da suke ciki. Malamanmu kuma su riƙa tunatarwa, musamman gab da watan Ramadan, cewa addini ya yi wa mai ciki rangwame ta ajiye azumi in tana jin tsoron cutuwa, ta rama daga baya.

Ƙungiyoyin mata 'yan kasuwa da iyayen adashe su ma suna da rawar takawa. Ana iya sa doka a cikin adashe cewa mai ciki ko mai jego tana da damar a jinkirta mata zubi na wasu makonni ko a matso mata da kwasa. Ana iya amincewa cewa ba za a ba wani rumfarta ba muddin larura ce ta hana ta zuwa. Ana iya ware ɗan asusu, ko dala ashirin-ashirin ne duk kasuwa, don kuɗin asibiti na gaggawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga ma'aikatar magajin garin Malanbil da shugabannin kasuwa, muna cewa kuɗin tikitin da ake karɓa a hannun matan nan duk ranar kasuwa ya kamata su gan shi a ƙasa: famfon ruwan sha, makewayi mai tsabta na mata daban, da rumfar hutawa mai inuwa. Muna kuma ba hukumomin lafiya na yankin Malanbil da Karimama shawara su duba yiwuwar ajiye ma'aikaciyar lafiya a cikin kasuwa ranakun da take ci, domin a nan ne za a sami matan da ba za su bar ciniki su je layin awo ba. Ma'aikatan asibiti su saurari mai kukan amai da kyau, su auna ta, su gwada ta, kada a sallame ta da cewa ai haka ciki yake. Gidajen rediyon al'umma kuma su ware lokaci ga ungozomomi su yi wannan bayani da Dendi da Hausa da Fulatanci, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mun san wasu za su ce iyayenmu da kakanninmu sun yi ciki sun yi daka sun yi noma ba su koka ba, kuma kasuwa ba gidan jinya ba ce. Amsarmu ita ce, waɗanda suka rayu su muke gani, waɗanda suka tafi da cikinsu ba su nan balle su ba da labari. Ban da haka, matar da can tana cikin babban gida ne inda za a karɓe mata girki, ba ta bin motar asuba, ba ta da bashin banki a wuya. Yau da muka amince mace ta fito ta nema, kuma gidaje da yawa da cinikinta ake cefane da biyan kuɗin makaranta, wajibi ne mu amince da larurar da ke tare da ita. Abin da muke nema bai wuce kujera da inuwa da ruwan sha da haƙurin 'yan makonni ba, sai kuma a kai ta asibiti a kan lokaci.

Muna fatan shugabannin kasuwa za su sa wannan batu a zamansu na gaba, kuma duk mai karatu zai isar da saƙon ga na gida da waɗanda ba su iya karatu ba. Allah ya ba masu laulayi sauƙi, ya raba lafiya, ya kuma sa albarka a kasuwancinmu baki ɗaya.